Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a tafiyar Dutsen Kinabalu

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi mun sauko mun dawo Kuala Lumpur mu shida cif, kuma autan gidanmu da labarinsa ya zagaya guruf-guruf har ya riga mu isa Kano ya warware sarai, yana ci yana sha har ya koma lakca. Saƙonnin da suka shigo min ta WhatsApp da nan Facebook sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in yi godiyar gaba ɗaya in kuma faɗi abun da ya faru yadda yake, dan abun da wasu suka ji ya wuce gaskiyar, har da wanda ya kira Hajiyarmu ya ce mata wai faɗowa yaron ya yi daga kan dutse. Wallahi bai faɗo ba, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ƙarancin iskar can sama ne ya buge shi, kuma Allah cikin ikonsa Ya haɗa mu da mutanen da suka san abun yi.

Farko dai godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu.

Ga waɗanda ke ta tambaya wai ina ne ma wajen, Kinabalu yana jihar Sabah ne a tsibirin Borneo, ɓangaren Maleshiya na gabas, daga Kuala Lumpur sai ka yi kusan awa biyu da rabi a jirgi zuwa Kota Kinabalu sannan ka ƙara kamar awa biyu a mota kana ta hawa kwana-kwana kafin ka isa ƙofar gandun. Tsayinsa mita 4,095, in ka tuna Chappal Waddi na Taraba da ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya mita 2,419 ne to za ka gane abun da muka tunkara. Tun 1964 aka keɓe wajen ya zama gandu, a 2000 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Maleshiya. Ba a hawa haka kawai, mutanen da ake bari a rana ƙidayayyu ne sai ka yi bukin, wato ka kama gurbi, tun da watanni, a rataya maka kati a wuya mai sunanka, kuma dole ne ka ɗauki jagora ko da kai gwanin hawa ne. Dokarsu jagora ɗaya ba ya wuce mutum biyar, mu kuma shida ne sai aka ba mu biyu, lokacin har akwai mai ƙorafi a cikinmu kan ƙarin kuɗin, ashe rahama ce Allah Ya ɓoye mana a ciki.

To waɗannan jagororin biyu su ne kan gaba a godiyata bayan Allah. Dukansu ƴan ƙabilar Dusun ne na ƙauyukan gindin dutsen wajen Kundasang da Ranau, ɗaya dattijo mai ɗan furfura ɗaya matashi da bai fi sa'an autanmu ba. Dattijon ba shi da yawan magana, tun daga ƙofar Timpohon inda ake fara tafiyar ƙasa a tsayin mita 1,866 abu ɗaya yake ta maimaita mana, a hankali a hankali, ku sha ruwa, kar wanda ya yi tsere da wani. Shi kullum yana baya tare da wanda ya fi kowa gajiya, takalmin roba ne mai araha a ƙafarsa amma ko sau ɗaya ban ga ya zame ba. Kilomita shida ne daga nan zuwa Panalaban inda ake kwana, kana jin shida za ka ce ai ba komai, amma matakala ce da duwatsu tun safe har la'asar, dajin farko jiƙe sharkaf ga gansakuka a jikin kowace bishiya, bayan rumfar Layang-Layang a kilomita na huɗu sai bishiyoyin su fara gajarta ƙasa ta koma ja-ja numfashi ya fara nauyi. A wajen nan ne matashin ya ja mu gefe ya nuna mana tsiron nan mai tulu da ke cin ƙwari, ya ce a kalla da ido kar a taɓa.

Sai ƴan dako, waɗannan kam ban san da wane baki zan gode musu ba. Duk abun da muka ci a Panalaban, shinkafa ce, ƙwai ne, kaza ce, har tukunyar gas ɗin da aka dafa da ita, a bayan mutum aka hau da shi, babu mota babu babur. Kana tsaye kana haki da ƴar jakarka sai ka ji ana neman hanya, ka juya ka ga mace ta ɗaure kaya da igiya a goshi sun kai kilo 30, ta yi maka murmushi ta wuce. Biyu daga cikinmu sun ba da jakunkunansu an auna a sikeli an biya, kafin mu iso har sun riga mu. Gaskiya abun yana min ciwo yadda mutane ke sa hoton ƙoli suna ɗaga tuta a yi ta musu barka amma da wuya ka ji an ambaci wanda ya ɗauki nauyin, ni dai na ce in Allah Ya sauko da ni sai na faɗa.

A Panalaban tsayin ya kai mita 3,272, a nan auta ya fara cewa kansa na sarawa, abinci ma kaɗan ya taɓa. Dattijon ya zo ya zauna kusa da shi ya yi ta masa tambayoyi ya kalli idonsa, ya ce ya sha ruwa ya kwanta in an tashi za a sake dubawa. Ƙarfe biyu na dare aka tashe mu, yaron ya ce ya ji sauƙi kuma da gaske fuskarsa ta saki, muka sa jaket da safar hannu da tocilar goshi muka fita cikin sanyin da ban taɓa jin irinsa ba a ƙasar da muka saba da zufa dare da rana. Daga can matakalar katako ce doguwa sai kuma fallen dutse tsirara babu bishiya babu ciyawa, farar igiya ce a shimfiɗe ita ake bi, wani wajen sai ka kama ta da hannu biyu ka ja jikinka. Dab da shingen Sayat-Sayat, mita 3,668, inda ake duba katin kowa kuma in ka makara wajen biyar na asuba ba za a bar ka ka wuce ba, sai yaron ya durƙusa ya yi amai, ya miƙe yana tangaɗi, na yi masa magana ya ba ni amsar da ba ta shafi tambayar ba.

A nan dattijon ya ce tafiyarsa ta ƙare. Auta ya fara roƙo har da hawaye, yana cewa Yaya dan Allah ka ce masa ya bar ni saura kaɗan, ai da gaske ne bai kai kilomita biyu ya rage ba. Mutumin nan bai ɗaga murya ba bai kuma sassauta ba, ya ce wannan ciwon maganinsa ɗaya ne a sauka, duk mitar da aka ƙara sama ƙara masa ake yi, kuma in ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura a kan wannan fallen cikin duhu babu mai iya fito da shi da wuri. Ya dubi matashin ya ce ya wuce da mutum huɗu, ya dube ni ya ce kai ɗan uwansa ne zaɓi naka ne. Na ce muje ƙasa. Ya karɓi jakar yaron ya rataya a ƙirji, ya sa shi a tsakiyarmu, a wuraren igiya shi yake fara sauka ya tokare sannan ya ce masa sa ƙafarka nan, sa nan, har muka fita daga fallen. Da asuba ta yi na ce masa za mu yi sallah, shi ba musulmi ba ne amma nan take ya nuna mana alƙibla ya samo mana inda dutse ya kare iska ya tsaya yana haska mana har muka idar, auta a zaune ya yi tasa. Allah Ya saka wa bawan nan da mafificin alheri Ya shirye shi Ya raya masa zuri'a, ban taɓa ganinsa ba kafin ranar amma ya riƙe min ƙani kamar shi ya haife shi.

Sai da muka dawo masauki yaron ya samu barci ne dattijon ya ɗan saki baki ya yi min zancen girgizar ƙasar 5 ga Yunin 2015. Ƙarfinta maki 6.0 ne, da safe ta zo mutane na kan dutsen, duwatsu suka yi ta gangarowa mutum 18 suka rasu, cikinsu akwai yara ƴan firamare da suka zo daga Singafo da malamansu da kuma jagorori huɗu ƴan yankin. Sama da mutum 100 suka maƙale a sama hanya ta lalace hazo ya hana jirgi mai saukar ungulu sauka, jagororin nan ne suka nemo hanya suka sauko da mutane cikin dare. Hanyar da muka bi daga Panalaban ma sabuwa ce bayan girgizar aka yi ta. Da na ji haka sai na gane dalilin da ya sa in ya ce a'a ba ya komawa baya, mutanen nan sun binne nasu a kan aikin nan. Su a wajensu dutsen ma waje ne mai alfarma, a al'adarsu ta gargajiya can rayukan magabata ke komawa, shi ya sa ba sa son ihu ko wasan banza a sama, mu ma muka kiyaye musu.

Ƴan tafiyarmu huɗu da suka kai ƙolin dutsen da ake kira Low's Peak, barkanku da arziki, na ga bidiyon fitowar rana da gajimare a ƙarƙashin ƙafarku na yi ta maimaita kallo. Na gode da ba ku tsaya dogon hoto ba kuka juyo da sauri dan ku ga halin da muke ciki. Malam babbanmu mai karatun digiri na uku, kai ka ɗauki jakata a saukowa alhali gwiwarka na ciwo kuma ka hana a faɗa min, sai a mota na ji, Allah Ya ba ka sa'ar kare bincikenka. Ƴar uwarmu ɗaya tilo a tafiyar da maigidanta, dabinon da kuka taho da shi da citta su suka fara zama a cikin yaron bayan aman, Allah Ya bar ku tare. Abokina da ya yi ta fama da bukin da tikiti da lissafin kuɗin kowa tun watannin baya ba tare da ya ci ko sisi ba, ban manta ba.

Saukowa daga Panalaban a hankali muka yi ta, kuma kamar yadda dattijon ya faɗa tun kafin mu kai Layang-Layang yaron ya fara dawowa hayyacinsa, muna isa Timpohon har yunwa yake kira. Duk da haka ma'aikatan gandun suka ce a kai shi likita ya gani, direban da ya kawo mu ya kai mu asibiti a garin Ranau ya zauna jiranmu har dare bai ƙara mana ko ringit ɗaya ba. Likitar da ta duba shi da nas ɗinta sun yi mana kirki sosai, ta auna iskar jininsa ta saurari ƙirjinsa ta ce babu ruwa, ta ce an sauko da shi a kan lokaci, ya huta ya yi ta shan ruwa. Ni da shi satifiket ɗinmu baƙi da fari ne irin na wanda bai kai ƙoli ba, na sauran mai kala, kuma wallahi na karɓi nawa da farin ciki.

Ɗalibai ƴan Najeriya da ke Kota Kinabalu, ku ma kun fita kunya. Ba ku san mu ba, a guruf kawai kuka ga saƙo, amma kuka zo har masauki da tuwo da miyar kuka da ban san inda kuka samo kukar ba, washegari Juma'a kuka kai mu masallacin nan na bakin ruwa a Likas kuka raka mu filin jirgi. Allah Ya ba ku abun da kuka fito nema.

Hajiyarmu ki yi haƙuri da tashin hankalin da kika shiga kafin ki ji muryarsa, addu'arki ce ke bin mu duk inda muka shiga. Kawu da ya tara mutane a masallacin unguwa aka yi mana addu'a bayan magariba, Anti da ta kwana tana kira layi na ƙin shiga dan saman ba ko'ina ake samun sabis ba, maƙwabta da abokan karatu da waɗanda ban ma san su ba suka turo saƙo, Allah Ya bar zumunci Ya saka wa kowa da alheri.

Masu tambayata yadda ake bukin da nawa muka kashe ku ɗan ba ni zuwa ƙarshen sati in haɗa komai in turo muku ta inbox. Mu shidan kuma mun haɗa ɗan abun da ya sauwaƙa za mu aika wa jagororin biyu da ƴan dakon da suka ɗaukar mana kaya, mun karɓi lambar matashin kafin mu rabu, in akwai wanda ke son ya sa hannu a ciki ya yi min magana kafin Litinin.