Manoman Abruzzo da fursunonin 1943

Ranar 8 ga Satumba 1943 aka sanar Italiya ta ajiye makami a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Birtaniya da ƙawayenta da take tsare da su a matsayin fursunonin yaƙi suka tsere daga sansanoni irin na Fonte d'Amore kusa da garin Sulmona, a yankin Abruzzo na Italiya. Talakawan ƙauye ne suka karɓe su. Abu na farko shi ne canza musu kaya, domin kaki da takalmin soja su ke tona asiri. Sai a ɓoye mutum a ɗakin ciyawar dabbobi ko kogo, mata da yara su kai faten masara da dare. Idan ƙanƙara ta zuba, sawun ƙafa ya zama bala'i. Jamusawa, da suka mamaye yankin, sun sa tukuici ga mai tsegumi, kisa ga mai ɓoyewa. Makiyayi Michele Del Greco, harbe shi suka yi a Disamba 1943 saboda ya ciyar da fursunonin. Abin yana taɓa zuciya, wallahi.