Abin da gyaran ƙofa ya koya min kan motsin gida

Da zarar ruwan Agusta ya kankama kiran da nake samu kusan iri ɗaya ne, "malam kafinta ƙofa ta ƙi rufuwa, zo ka ɗan fere min ita". A wajen maigidana na koyi cewa ferewa ita ce ta ƙarshe, don katakon da ya kumbura da damina zai motse da hunturu, in ka zaftare shi yanzu, a Janairu ƙura da sanyi ta nan za su riƙa shigowa, kuma kai za a zaga.

Ni da alli nake farawa. In goga a gefen ƙyauren in rufe in buɗe, inda allin ya manne a jikin firam nan take cijewa. In gefen ne gaba ɗaya daga sama har ƙasa, laima ce. In kusurwar sama ce kaɗai ta ɓangaren makulli sai in kama ƙyauren in ɗaga, in ya yi ƙwas-ƙwas to hinjin sama ne ya saki, ramin sukuru ya cinye, a cusa ɗan tsinken katako da gam a ɗaure da sukuru mai tsawo shikenan, aikin da bai kai shan shayi ba.

Wanda ya fi ɗaukar min lokaci kafin na gane shi ne in hinji lafiya, katako lafiya, amma ƙofa tana cijewa. Nan sai tef. Ka auna firam daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ka sake aunawa ta ɗaya ɓangaren, in ba su zo daidai ba firam ya karkace, kuma ba haka kawai yake karkacewa ba, bango ne ya ja shi. Ɗaga kai ka dubi saman ƙofar, sau tari za ka ga tsaga ta taso daga kusurwa ta yi sama a karkace tana bin layin bulo. Ƙasa mai yumɓu tana kumbura in ta sha ruwa, ta motse da rani, fandisho kuma yana bin ta.

Wani gida da na je, Alhajin har ya sa an fere ƙofar a baya ta sake cijewa. Na zagaya bayan ɗakin na tarar indararo yana zuba a gindin bango, ƙasar wajen ta lotsa ta yi kore, ga sokawe ko taku uku babu. Na ce ranka ya daɗe wannan aikin birkila ne, a fara kawar da ruwan nan a yi daɓe. Bai ji daɗi ba wallahi, shi ƙofa ya kira ni in gyara. Na ɗan matsar masa da ƙarfen da harshen makulli ke shiga don a samu a kulle da dare, na shafa siminti siriri a kan tsagar na rubuta kwanan wata da fensir, na ce in ya sake tsagewa bangon bai tsaya ba, a nemo injiniya, in kuwa ya kai rani lafiya ya kira ni in daidaita ƙyauren in shafe gefen da fenti.