Mako na takwas da manhajar Go: dokar da na kafa ta rayar da matattu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu fama da rubuta manhajar wasan allo. Kun ji ni shiru mako biyu. Rami na faɗa, kuma ni na haƙa shi da hannuna, shi ya sa nake so in ba ku labarin tun kafin wani ya bi sawuna.

Ga waɗanda ba su faro da mu ba: manhajata tana buga Go ne, wasan da baƙi da fari ke sa duwatsu bi da bi don mallakar fili da cinye na juna, a ƙaramin allo mai layi 9 tsaye 9 kwance, wato gurbi 81. Ba ta da wani ma'auni da za ta kalli allo ta ce wane ne a gaba. Idan taku ya zo kanta, sai ta ƙarasa wasan a zuci sau dubbai, baƙi da fari suna ta zuba duwatsu da ka har allo ya cika, ta ƙirga wanda ya ci. Takun da ya fi kai ta ga nasara shi bishiyar bincike, wato tsarin takun da take hangowa reshe-reshe, ke ƙara tonawa. Wannan ƙarasawar da ka ita nake kira wasan canke. Dabarar ba sabuwa ba ce. Bernd Brügmann ya gwada ta a Go tun 1993, amma sai a 2006 ta yi haƙori, shekarar da Rémi Coulom na Faransa ya haɗa ta da bishiya a manhajarsa Crazy Stone har ta ci zinare a ƙaramin allo a gasar manhajoji ta Turin a Italiya, kuma Kocsis da Szepesvári suka fito da lissafin UCT, mai zaɓar reshen bishiyar da za a tona. Bishiyar tawa ta zauna tun mako na uku. Abin da ke cin kwanakina yanzu tambaya ce guda: a cikin wasan canke, ta yaya za a zaɓi gurbin da za a sa dutse?

Da farko doka ɗaya ce tak: ɗauki kowane gurbi da ya halatta, sai dai kada ka cike idon kanka. Wannan kam dole ce, domin in babu ita kowane garke, wato duwatsu masu launi ɗaya da ke haɗe, sai ya toshe idanunsa an cinye shi, wasa ya ƙi ƙarewa. Ido a wurina gurbi ne da maƙwabtansa huɗu duk nawa ne, a kusurwoyinsa kuma dutsen abokin hamayya bai wuce ɗaya ba, in a bakin allo ne ko ɗaya babu. Wani ɗan kuskure da na yi a nan, ku kiyaye shi: ina zaɓen lamba da ka, in gurbin bai halatta ba sai in matsa zuwa na gaba. Ashe hakan gata ne ga duk gurbin da ke bin bayan jerin cikakkun gurabe. Yanzu ina riƙe da jerin gurabe marasa kowa, in na zaro wanda bai yi ba sai in tura shi ƙarshen jeri in sake zara daga ragowar.

Daga nan na kwaikwayi tsarin manhajar MoGo, wanda Sylvain Gelly da Yizao Wang da abokan aikinsu suka bayyana a 2006. Idan takun ƙarshe ya bar garkena da numfashi ɗaya, wato fankon gurbi ɗaya tak a jikinsa, abin da ake kira atari, a fara neman ceto. In babu, a duba gurabe takwas da ke kewaye da takun ƙarshe ko akwai wanda zubinsa ya dace da sanannun siffofi na uku sau uku. In babu, a ci duk abin da ke ciwuwa. Sai an rasa duka ake komawa canke zalla. Siffofin ba su da nauyi: maƙwabta takwas, kowane ko baƙi ko fari ko fanko ko wajen allo, jimilla 65,536, tebur ɗaya ya ɗauke su. Ranar da na kunna wannan na ga bambanci da idona, faɗa ya daina watsewa, in an taɓa wuri ana mayar da martani a wurin.

To, daɗi ya ɗebe ni. Na zauna ina kallon wasannin canke ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda dutse ke shiga inda numfashi ɗaya kawai zai rage masa, a take a cinye shi. Na ce wannan ai wauta ce, ko ɗan koyo na wata guda ba zai yi ba. Na rubuta layi huɗu na haramta ta ɗungurungum. Wasannin suka yi tsaf. Da na haɗa sabon mai canke da tsoho kai tsaye, babu bishiya, sabon ne ke lallasa tsohon. Na kwanta da murna.

Washegari na haɗa cikakkiyar manhajar da GNU Go, wata sananniyar manhajar Go, sai ga wani abu. Tana ta nuna tana da tabbacin ci, tana buga takun ƙasaita a inda ba a buƙata, ƙarshen wasa a kwashe mata garke guda a kusurwa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na kwana uku ina zargin lissafin ƙirga maki kafin na gane.

Ku ɗauki farin garke da aka zagaye ta waje, a cikinsa saura gurabe uku a jere. Baƙi ya sa dutse a tsakiya. Duk mai wasa ya san garken ya mutu, ba ya iya yin ido biyu, Japanawa na kiran wannan nakade. Mutane a nan suke barin wurin su tafi wani. Amma wasan canke bai san mutuwa ta baki ba, sai an ɗauke duwatsun daga allo. Kafin a ɗauke su kuwa dole baƙi ya ƙara dutse na biyu a ciki, wanda zai bar duwatsunsa biyu da numfashi ɗaya. Fari ya cinye su, baƙi ya sake jefa ɗaya, shi ma numfashi ɗaya, fari ya ci, ido ya koma ɗaya, baƙi ya kammala. Sau biyu ke nan baƙi ke buƙatar takun da na haramta. Shi ma fari in ya shiga gefe ya bar kansa da numfashi ɗaya, don haka doka ta hana shi. Kowa ya naɗe hannu, wasa ya ƙare, aka ƙirga mataccen garke a matsayin rayayye. Haka a kowane wasan canke, dubu bayan dubu, duk ƙarya iri ɗaya suke kai wa bishiya.

A nan ne na fahimci abin da na taɓa karantawa na wuce. Gelly da David Silver sun nuna a 2007 cewa mai canken da ya fi ƙarfi in shi kaɗai ne yana iya ba da sakamako mafi muni idan aka sa shi cikin bincike, kuma a 2009 Silver da Gerald Tesauro suka yi aiki a kan daidaita kurakuran ɓangarorin biyu maimakon ƙara wa mai canken ƙarfi. Ni da mudu na fassara wa kaina abin. Mai awon da hannunsa ke rawa, yau ya zarce gobe ya gaza, in ya auna maka mudu dubu ba za ka yi asara mai yawa ba. Mudun da aka buge wa gindi kuwa, ko sau nawa aka auna da shi cuta ce, yawan awon ma ƙara ta yake yi. Wautar canke rawar hannu ce. Dokata ita ce bugaggen mudu.

Gyaran na samo shi ne a Michi, ƙaramar manhajar Python da Petr Baudiš, mai manhajar Go ta Pachi, ya rubuta don masu koyo. Shi bai haramta ba, sa'a ya sa: in dabara ce ta ba da shawarar takun da zai jefa kai cikin atari, a ƙi shi kashi 90 cikin 100, in canke ne zalla a ƙi shi rabin lokaci, don a bar wa nakade ƙofa. Na ɗauki hakan, na ƙara nawa: babban garke ba ya jefa kansa, ƙanana su ke da izini. Wannan iyakar har yanzu ina wasa da ita, domin akwai siffar gurabe shida da kashe ta ke buƙatar sadaukar da duwatsu biyar, kuma in na buɗe ƙofa da yawa sai a rusa seki na gaskiya, wato inda garken baƙi da na fari ke rayuwa tare don wanda ya fara kai hari shi za a cinye, zaman kowa ya fi alheri.

Maganar gwaji kuma, don Allah ku daina yanke hukunci da wasa ashirin. A wasa 100 sakamakon na iya karkata da wajen maki 10 cikin ɗari sama ko ƙasa ba tare da an canja komai ba. A wasa 400 ya koma wajen 5, a 1,600 wajen 2.5. Ina amfani da gogui-twogtp, mai haɗa manhajoji biyu su kara, ana musayar launi kowane wasa, komi (makin da ake ƙara wa fari) 7.5, kuma lokaci nake daidaitawa ba yawan wasan canke ba, tunda kowace sabuwar doka tana cin sauri. Ku riƙa rubuta sakamako a fayil bayan kowane wasa. An ɗauke wuta da asuba, batir ya mutu, na rasa gwajin dare guda.

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni amfanin wannan wahala tunda AlphaGo Zero, manhajar Go ta kamfanin DeepMind, ta watsar da wasan canke tun 2017. Gaskiya ne. Amma ku tuna ita AlphaGo da ta doke gwanin Go Lee Sedol 4 da 1 a 2016 tana da mai canke, wanda ke dacewa da takun ƙwararru kashi 24 kawai cikin 100 amma cikin mikrosakan 2, alhali babbar cibiyarta ta hasashen taku mai kashi 57 na cin milisakan 3. Ni kuma tsohuwar laftof gare ni, kuma burina in na gama in juya injin nan kan dara, inda zan fara da sa iyakar taku don kada 'ya'ya su yi ta kai da komo.

Mako mai zuwa zan gwada dabarar Peter Drake ta 2009, wadda ke tuna martanin da ya kai ga nasara a wasan canken baya ta maimaita shi, tare da gyaran da suka yi da Hendrik Baier a 2010 na manta martanin da zarar ya faɗi. Kafin nan na tara matsayi goma sha biyu na nakade da seki da nake gwada kowane canji da su. Uku har yanzu manhajar ba ta karanta su daidai, dukansu a kusurwa suke.