Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mana Ranar Da Jirgi Ya Kafe

Assalamu alaikum. Godiya ta tabbata ga Allah da ya fid da mu lafiya, mu da jirginmu. Bayan haka, wannan saƙo ne daga ma'aikatan ƙaramin jirgin nan da ya hau tudun yashi a mashigin da ke bin gaɓar teku, a daidai lokacin da ruwa ke janyewa. Babu wanda ya ji ciwo, jirgin kuma ya koma aiki. Wasu daga cikin waɗanda suka taimaka muryarsu kawai muka ji a rediyo. Yaba kyauta tukuici, don haka za mu faɗi abin da kowa ya yi da dalilinsa, ko masu shirin bin irin wannan hanya sa amfana.

Wanda bai saba ba gani yake hanyar cikin gaɓa ta fi tsakiyar teku sauƙi, tun da babu manyan igiyoyin ruwa. Haka ne, amma a nan ƙasa tana kusa. Hanyar da aka haƙa ƙunci gare ta, kuma duk inda wata kafar teku ta ratsa ta, ruwa biyu ke haɗuwa, gudunsu ya ragu, yashin da suka ɗebo ya zauna. Tudun yakan matsa bayan kowace iska mai ƙarfi, taswira kuwa zurfin ranar da aka yi awo take nunawa. Shi ma ma'aunin zurfi abin da ke ƙarƙashin jirgi yake faɗa, kafin ya yi ƙara gindin ya riga ya taɓa.

Godiyar farko ga jami'in da ke sauraron tasha ta 16 a rediyon VHF. Ya amsa kiran "Pan-Pan", wanda ake maimaitawa sau uku idan akwai gaggawa amma rai bai shiga hatsari ba. "Mayday" sai rai ko jirgi na gab da salwanta. Tambayoyinsa a jere suka zo: lambobin wurin da GPS ya nuna, mutum nawa ne a ciki, kowa ya sa rigar ceto, ruwa na shiga, kuma ruwan hawa yake ko sauka. Sai ya mayar da maganar wata tasha, domin 16 ta kira ce da neman agaji. Ya kuma sanar wa jiragen da ke tafe su rage gudu. Ranka ya daɗe, mun gode.

Baba mai kamun kifi da ya fara isowa a kwale-kwalensa, Allah ya ƙara girma. Maganarsa ta farko ita ce a bar injin a kashe. Jirgin da ya kafe yana kama da motar da ta faɗa laka, ƙarin wuta ƙarin nutsewa. Idan aka sa giyar baya da ƙarfi, farfela tana tura yashi ƙarƙashin gindin jirgi ta ƙara gina tudun. Mafi muni, injin da ruwan da ke ƙarƙashinsa yake sanyaya kansa, kuma kafar da yake zuƙowa tana dab da wurin da yashin ke tashi. Gwaji ɗaya a hankali, nan take bayan an taɓa ƙasa, ba laifi ba ne. Idan bai fita ba kuma ruwa na sauka, an wuce wurin, sai lissafi.

Lissafin shi ne abin da Baba ya zauna ya yi da mu. A yawancin gaɓoɓi ruwa yakan cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin ke jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Ruwan kuma ba da gudu ɗaya yake sauka ba. A raba tazarar da ke tsakanin cikarsa da ƙarshen janyewarsa gida 12: awar farko kashi 1 ke tafiya, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Idan tazarar mita 2.4 ce, awar farko santimita 20 kacal za a rasa, amma a ta uku da ta huɗu santimita 60 kowace. Wanda ya kafe a tsakiyar janyewa, santimita ɗaya yake rasawa duk minti, shi ya sa gardama a kan abin da za a yi take da tsada a lokacin. Sai a duba wata. Ruwa ya fi cika wajen tsayuwar wata da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan cikarsa, ya fi rauni idan wata ya yi rabi. Jirgin da ya hau tudu a ƙololuwar babbar cika yana iya jiran kusan mako biyu kafin ruwa ya sake kai wa wurin. Wanda ya kafe ruwa na rabin sauka, yawanci cika ta gaba za ta ɗaga shi, sai dai in iska mai turo ruwa waje ta hana shi kai wa inda jadawalin cikar ruwa ya ce.

Kafin jirgin ya kwanta, Baba da ɗansa suka sa aka kwashe kaya masu nauyi zuwa ɓangaren tudu, don ya jingina ta can. Idan ya kwanta ta ɓangaren zurfi, ruwan da ke dawowa yana iya shiga ta sama kafin jikin ya tashi. Aka rufe duk bawul ɗin da ke ratsa jikin jirgi, aka toshe kafar numfashin tankin mai don kada dizal ya tsiyaye, aka ɗaga murfin ƙasa aka duba ko ruwa na taruwa.

Sai batun anga, wato ƙarfen da ake saki ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, wanda a ganinmu shi ne aikin da ya fi kowanne muhimmanci a ranar. Ruwan da zai ɗaga jirgi shi ne kuma zai ƙara tura shi kan tudu, in babu abin da ya riƙe shi ta wajen zurfi. Samarin da suka ɗauki ƙaramar anga a kwale-kwale sun san aikinsu. Sun rataye ta a bayan kwale-kwalen da siririyar igiya, sun zuba doguwar igiyar a cikinsa tana warwarewa suna tafiya, domin in aka bar ta a babban jirgi nauyinta cikin ruwa zai hana su nisa. Sun riƙa auna zurfi da gora har suka gano inda hanyar take a yanzu, sannan suka saki angar. Ba a jifa da anga. Ƙafa ko hannu ke bin ta. Da aka ja igiyar ta yi tauri, sai aka riƙa ƙara ja kaɗan kaɗan ruwa na hawa.

Masu iya magana sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. An yi ta tayin jan jirgin, kuma kowa da kyakkyawar niyya. Godiya ta musamman ga matuƙin jirgin jan da ya zo ya duba ya ce ba zai ja ba sai ruwa ya hau. Fizgar jirgin da ke zaune a ƙasa tana lanƙwasa allon da ke juya akalar jirgi da sandar farfela, tana kuma tumɓuke ƙarfen da aka ɗaura igiya a kai. Igiyar nailan miƙewa take yi, idan ta tsinke ko ƙarfen ya fita, dawowa take da ƙarfin da zai karya ƙashi. Da lokaci ya yi, ya raba nauyin kan maɗaurai biyu masu ƙarfi, ya kori kowa daga saitin igiyar, ya ja a hankali ta hanyar da jirgin ya shigo, tun da can ne aka tabbatar akwai ruwa. Malam, Allah ya bar zumunci.

Jiragen da suka wuce a hankali su ma mun gode musu. Igiyar ruwan da jirgi mai gudu ke tayarwa tana ɗaga wanda ya kafe ta buga shi da ƙasa, nan ne jiki ke tsagewa. Babban jirgin kaya da ya bi ta gefe ba shi da wurin kaucewa, kuma dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun ba shi gaskiya: doka ta 9 ta ce jirgin da bai kai mita 20 ba kada ya tare wa wanda ba ya iya tafiya sai cikin ƙunƙuntar hanya. Duk da haka matuƙinsa ya kira tun daga nesa, ya sauke gudu iyakar abin da sitiyarinsa zai jure.

Bayan fita sai injin ya ɗauki zafi, ruwan da ke fita ta salansa ya ragu, sautinta ya bushe. Makanikin da ya zo ya bi hanyar ruwan daga farko. Ya rufe bawul, ya buɗe matacin ruwa ya zubar da yashi da ciyawa. Ya kwance murfin famfo ya zaro farfelar roba, fukafukanta biyu sun gutsure. Wannan roba ruwa ne man shafawarta, in ta juya a bushe ko cikin yashi, ɗan lokaci kaɗan ta ƙone. Abin da ya nuna gwani ne shi ne bai sa sabuwa ya tafi ba. Ya ƙirga fukafukan, ya bi tiyo har bakin bututun sanyaya injin, ya zaƙulo gutsattsarin da suka maƙale a can. In aka bar su, sabuwar roba za ta yi aiki amma injin ya ci gaba da zafi, a rasa dalili.

Ya kuma canza filtar mai. Kwanciyar jirgi da jijjiga suna tayar da dattin da ya daɗe a gindin tanki, filta ta toshe, injin ya riƙa shaƙewa a lokacin da aka fi buƙatarsa. Bayan canji dole a fitar da iska daga layin mai: a sassauta ƙaramin noti na saman filta, a danna famfon hannu har dizal ya fito babu kumfa, sannan a ɗaure. Gargaɗinsa ya cancanci a rubuta: idan injin ya ƙi tashi, kada a yi ta murza makulli bawul ɗin ruwa a buɗe. Famfo na zuba ruwa cikin salansa, babu hayaƙin da zai tura shi waje, sai ya cika ya koma cikin injin. A rufe bawul, da ya tashi a buɗe nan take. Ya duba inda sandar farfela ke ratsa jiki, ya ce ɗigo kaɗan a minti tana juyawa daidai ne, zuba kuwa a'a. Abin da ya ce kada a tashi babu shi: farfelar roba biyu da gaskit ɗinsu, filtar mai fiye da ɗaya, bel, maɗaurin tiyo, da turakun katako na toshe rami.

Mai kula da gadar da ke buɗewa ya ga jirgi a ɗaure da igiyar ja, ruwa na turo shi ta baya, ya tsayar da na gaba ya ba mu hanya. Jirgin da ruwa ke bi da shi ba ya iya tsayawa cak ya jira. Allah ya saka.

A wurin kwana, maƙwabtan da suka matsa suka ba mu fili sun tuna wa kowa lissafin tsawon sarƙar anga. Zurfin lokacin cika ake ɗauka, a ƙara tsayin goshin jirgi daga ruwa, a ninka sau biyar, ko bakwai in da iska. Wurin da ke da mita 3 ruwa a janye, zai ƙaru da mita 2, goshi mita 1, mita 6 ke nan, sarƙa mita 30. Wanda ya yi lissafi da mita 3 ɗin da ya gani da yamma, tsakar dare anga za ta sake shi. Ruwan kuma yana juyawa kusan duk awa shida, jirgi ya zagaya, angar ta tumɓuke ta sake kamawa, don haka a lokacin juyawar ake tashi a duba. Ɗaya daga cikinsu ya ara mana batir, da ya ga namu ya sauka zuwa bolt 12.2, wato kusan rabi a batirin ruwa. Shawararsa ita ce batirin tayar da injin ya zauna shi kaɗai, fitilu da firji su ci nasu.

Wata baiwar Allah da ta daɗe tana bin hanyar ta zauna da taswirarmu ta yi alama a wuraren da yashi ya matsa. Ta kuma ja kunnen baƙin da ke wurin a kan launin alamomin hanya: a nahiyar Amurka, Japan, Koriya ta Kudu da Filifin, ja yana hannun dama ga mai shigowa daga teku, a yawancin sauran duniya yana hagu. Inda hanyar gaɓa ta haɗu da ta shiga tashar jirage, ɓangaren yana iya sauyawa, sai an karanta taswira kafin a isa. Hajiya, mun gode ƙwarai.

Iyalanmu da suka kwana da waya a hannu, da duk wanda ya yi addu'a, Allah ya saka wa kowa da alheri. An kai rahoton sabon tudun ga hukumar da ke kula da alamomin hanyar, tare da lambobin wurin da zurfin da aka auna. Doguwar igiya da batirin da aka ara mana suna ofishin matsayar jiragen da muka kwana, an wanke igiyar da ruwan daɗi, batirin kuma an cika shi. Masu su sai su biya su karɓa.