Girkin gida kafin tiyatar rage ƙiba da bayanta

Yawancin waɗanda ake yi wa tiyatar rage ƙiba, ko a Turkiyya, ko Indiya, ko Masar, ko nan gida, suna dawowa da takardar abinci mai ɗauke da sunayen cimar da ba a samu a kasuwarmu. Sai mai girki ta rasa ta inda za ta kama, a ƙarshe a koma kan koko da kunu tunda su ne masu ruwa-ruwa. Alhali koko gari ne da sukari, cika ciki kawai yake yi, abin gina jiki da ke cikinsa kaɗan ne. Wanda aka rage wa tumbi ba shi da wurin ɓatawa, don haka tsarin kwanonmu sai ya juye: nama, kifi, ƙwai da wake su zo farko, tuwo ya koma ƙarshe.

Aikin iri biyu ne suka fi yawa. A na farko ana yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, a bar shi siriri. A na biyu ana ware ɗan aljihu kamar girman ƙwai daga saman tumbin, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Dokokin cin abincinsu kusan ɗaya ne, sai dai na biyun ya fi saurin hukunta mai shan zaƙi.

Shiri yana farawa ne makonni biyu kafin ranar aiki, wani likitan ma ya kai huɗu. Ana rage ci zuwa kalori 800 zuwa 1,000 a rana, a janye tuwo, shinkafa, burodi, taliya, suya da kayan zaƙi. Dalilin hanta ne. Wani sashe nata yana kwance a kan tumbi, kuma a jikin mai ƙiba tana cike da kitse da ajiyar sukari. Idan aka hana ta sitaci sai ta cinye ajiyar, ruwan da ke tare da shi ya fita, ta motse, likita ya iya ɗaga ta ya yi aikinsa ta ƙananan huda. Walimar bankwana da abinci ana gobe tiyata tana iya rushe wahalar makonni biyun nan. Abincin wannan lokaci mai sauƙi ne: dafaffen ƙwai biyu da safe, farfesun kaza marar fata da kabeji ko alayyaho da rana, gasasshen kifi da dare, kindirmo marar sukari a tsakani. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ya fara zama da likitansa a rage masa magani, don sukarinsa zai iya faɗuwa.

Bayan aiki, makonni biyun farko na ruwa ne zalla, abin da zai wuce ta rariya ba tare da ya bar tsaki ba. Romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe man da ya taso, madara marar kitse, nono mai ruwa-ruwa. A kofi ɗaya na madara akwai furotin, wato abin gina jiki, kusan giram 8, kuma ana iya ƙara masa cokali biyu na garin madara marar kitse. Kurɓa ake yi, ba kwankwaɗa ba, ana neman lita ɗaya da rabi a yini. Rashin ruwa a jiki shi ya fi mayar da mutane asibiti a waɗannan kwanaki, balle a zafin bazara. Fitsari ya yi duhu, kai ya yi ciwo, jiri ya taso, to ruwan bai isa ba.

Mako na uku da na huɗu na markaɗe ne. A dafa kaza ko kifi ya yi luguf, a zuba a bilanda da romonsa har ya yi sumul. Faten wake da aka surfe aka cire ƙwansonsa yana shiga, haka kabewa da ɗan dankali. Cokali biyu zuwa huɗu ne ci ɗaya, sau huɗu zuwa shida a rana. Tunda tukunya guda ta fi ƙarfin mutum, a raba ta a ƙananan robobi a sa a firiza in wuta ta yarda, in ba haka ba a dafa kaɗan kullum. Attarugu da barkono a ɗaga musu ƙafa tukuna.

Daga mako na biyar ake shiga abinci mai laushi, wanda cokali zai murƙushe. Alale mai ɗan mai kaɗan ya dace ƙwarai, haka awarar da aka dafa a miya maimakon a soya, da ƙwai, da kifi a miyar kuka ko kuɓewa, don yauƙin yana taimaka wa haɗiya. Ana son furotin giram 60 zuwa 80 a rana. Ƙwai ɗaya yana ba da 6, dafaffiyar tsokar kaza giram 100 tana ba da kusan 30, mutum sai ya yi lissafinsa daga nan.

Tuwo ne babbar jarrabawa. Mun saba a yanko loma, a tsoma a miya, a haɗiye ba tauna. Sabon tumbi ba ya ɗaukar wannan. Lomar takan tokare a ƙirji, yawu mai kumfa ya taru a baki, sai amai. Idan likita ya ba da izinin abinci na yau da kullum, wajen mako na shida zuwa na takwas, tuwon ya zama mai laushi, lomar ba ta fi kan ɗan yatsa ba, a tauna ta kamar sau ashirin, kuma bayan an gama cinye naman. Sabon burodi da shinkafa da taliya su ma suna cuɗewa su toshe hanya. Kilishi, tsire, ganda da dambun nama busasshe sai an kwana biyu, wasu ma sun rabu da su ke nan. Ci ɗaya ya ɗauki minti 20 zuwa 30, da an ji nauyi a ƙirji ko shaƙuwa ta zo a ajiye cokali. Cin kwano ɗaya da jama'a yana sa sauri, gara a zuba wa mutum nasa a ɗan faranti, ko da dangi za su yi ta cewa bai ci komai ba.

Ba a haɗa ci da sha. A jira minti 30 bayan abinci, don ruwa yana cika ɗan wurin ko ya tura abincin da wuri. Lemon kwalba mai gas yana kumbura ciki. Zoɓo mai sukari, kunun aya da fura da aka zaƙaƙa suna zubowa cikin hanji a lokaci guda, cikin minti 10 zuwa 30 sai bugun zuciya, gumi, murɗawar ciki da gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarinsa ya faɗi ya kama rawar jiki. Abin da ya fi ɓata aikin a ɓoye ma shi ne abin sha mai zaƙi: yana wucewa ba ya tsayawa, nauyin da aka sauke ya dawo.

Magungunan bitamin na har abada ne: B12, wanda wasu asibitoci ke bayarwa ta allura duk wata uku, da sinadarin ƙarfe na ƙarin jini, da kalsiyam da bitamin D. A bar awa biyu tsakanin na ƙarin jini da kalsiyam, kuma kada a kora na ƙarin jinin da shayi. Magungunan rage raɗaɗi irin su ibuprofen da diclofenac suna iya jawo gyambon ciki, a guje su. Amai da ya ƙi tsayawa kwanaki yana ƙarar da bitamin B1 har ya taɓa ƙwaƙwalwa, wannan na asibiti ne nan take. Azumin Ramadan kuwa, likitoci sukan hana shi a watannin farko, wasu har shekara, saboda ƙaramin tumbi ba zai ɗauki ruwan yini guda tsakanin magariba da sahur ba. Mutum ya ji daga likitansa, sannan ya kai wa malami maganar ramuwa.