Ƙofar baya da na toshe a copyout

Ƴan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Ga inda aka kwana kan xv6, ƙaramin tsarin gudanar da kwamfuta (operating system) na koyarwa da jami'ar MIT ta fitar a 2006. Sigar injin RISC-V nake gudanarwa cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon injin, a nan Maradi. Burina shi ne in hana manhaja yin rubutu a kan umarninta.

Matakin farko bai ba da wuya ba. Na sa exec, mai loda manhaja, ya riƙa bin izinin da ke cikin fayil ɗinta na ELF, shafukan umarni su samu R (karatu) da X (gudanarwa), babu W (rubutu). Ƴar manhajar gwaji ta nemi yin rubutu a kan main, injin ya tare ta da scause 15 (lambar laifin rubutu a shafi), kanel, wato zuciyar tsarin, ya kashe ta. Haka ake so.

Sai na bi ta wata hanya: na kira read, na ba shi adireshin main a matsayin wurin zuba bayanai. Rubutun ya shiga lafiya lau, manhaja ta goge umarninta da hannun kanel.

Nan ne nake so ku tsaya ku duba da kyau. Idan manhaja ce ke rubutu, injin ne ke gadi. Amma copyout, wanda read ke amfani da shi wajen kwafe bayanai daga kanel zuwa manhaja, ba ya bi ta adireshin manhaja. Yana sauka teburin shafuka mai hawa uku, ya ciro adireshin zahiri, sannan ya kwafa ta taswirar kanel, inda wannan wurin yake a buɗe. Shi kuwa walkaddr, mai ciro masa adireshin, V (shafin na nan) da U (na manhaja ne) kaɗai yake dubawa. To wa zai duba W? A tsohuwar sigar da nake aiki da ita babu kowa, sai mu mun rubuta.

Gyaran layuka kaɗan ne. A kowane shafi mai bayit 4096, a kira walk, mai sauka teburin, a duba V, U da W, in ɗaya ya ɓace a mayar da -1. Ku fara tabbatar adireshin bai kai MAXVA, iyakar adireshi, ba, in ba haka ba walk zai yi panic, manhaja ɗaya ta kayar da tsarin gaba ɗaya. Bayan haka usertests, tarin gwaje-gwajen xv6, ya wuce lafiya.

Mai shirin sa fork, mai haifar da kwafin manhaja, ya bar uwa da ɗa su yi tarayya a shafuka ya lura: can da gangan ake cire W, don haka ƙin rubutu kai tsaye zai karya read. Dole a sa wa irin shafin alama a ɗaya daga bit 8 ko 9 da RISC-V ya bar wa kanel, copyout ya kwafe shi kafin ya rubuta. Shi zan taɓa mako mai zuwa in Allah ya yarda. Wanda ya riga ya yi, ya gaya mini yadda ya ƙidaya masu riƙe da kowane shafi.