Naɗi biyu na waya, aikin mako guda

Duk wanda na ce wa naɗin koyil nake yi, sai ya ɗauka na fanka ne ko na janareto. Nawa bai kai tsawon ɗan yatsa ba, sau da yawa ma zagaye ɗaya ne ko biyu. Mu uku ne a shagon, muna ƙera koyil na na'urar NMR, wadda masana sinadarai ke gano tsarin ƙwayar magani da ita.

Ana zuba samfuri a siririyar kwalba mai faɗin milimita 5, a zura ta tsakiyar maganaɗisu. Idan ƙarfinsa tesla 9.4 ne, haidurojin da ke cikin samfurin zai amsa siginar rediyo a megahaz 400, kabon-13 kuma wajen 100. Koyil ne ke aika siginar rediyo, shi ne kuma ke kasa kunne ya ji amsar, ga ta da rauni ƙwarai. Na samfurin ruwa mukan lanƙwasa shi kamar sirdi a gefen kwalbar. Na daskararren abu naɗi ne a karkace, digiri 54.7 daga inda maganaɗisun ya fuskanta.

Saita shi da kafasita har turjiyarsa ga lantarki ta zauna a om 50 ba ya ba ni tsoro, yaron shago ma ya iya. Wayar kanta ce matsalar. Jan ƙarfe yana ɗan ture maganaɗisu, alminiyam yana ɗan jawo shi, shi ya sa muke amfani da wayar jan ƙarfe mai alminiyam a cikinta, wannan ya kashe tasirin wancan. In ba haka ba, layukan sakamako su kumbura su haɗe, mai bincike ya kasa karanta komai.

Akwai lokacin da na kwana uku ina zargin naɗina, ashe kafasitocin da aka turo mana ne ke da nikel a ƙarƙashin dalma. Tun daga ranar, ko ƙusa ba ta hawa teburina sai na gwada ta da maganaɗisu. Hannu ma sai da safa, domin maiƙon yatsa yana ɗauke da haidurojin, zai fito a sakamako.

Kamfanonin Bruker da JEOL, masu ƙera na'urar NMR, suna da koyil da ake sanyayawa zuwa wajen kelbin 20, wato kusan digiri 253 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, can ba fagenmu ba ne. Namu masu sayen malaman jami'a ne da samfurinsu bai dace da abin da ke kasuwa ba. Yanzu haka akwai wadda ke jiran koyil da zai zagaye batir yana cikin caji, na warware naɗin sau biyu, gobe in sha Allah zan sake naɗawa.